Wa Ake Yi Wa Dariya? Yadda Ake Karanta Wasan Zambo a Kan Kuɗi da Darajar Mutum

Magidanci na zaune a kan darduma a tsakar ɗaki, kalkuleta a hannu, takardun sabunta iƙama, wato izinin zaman baƙo a Saudiyya, a baje a gabansa. Sai ƙanwarsa ta faɗo ɗakin tana guɗa: "Yaya, albishirinka! An samu ƙaruwa, Hajiya ta sauka lafiya." Maimakon ya ce "goro", ko ya yi hamdala, sai ya danna kalkuleta ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Ƙaruwa kam an samu. Ɗari huɗu."

Wannan ita ce fitowar farko ta wani gajeren wasa da aka gina a nan don ya zama misali, mai fitowa uku, na kimanin minti ashirin da biyar, irin wanda matasan Hausawa za su iya shiryawa a wata istiraha, wato gidan taro da ake haya, a Jidda ko Makka da daren Sallah. Idan aka yi shi da kyau, zaure zai kwashe da dariya a kan wannan kalma ta "ƙaruwa". Aikin mai fashin baƙi daga nan yake farawa, domin dariyar da aka ji ba iri ɗaya ba ce, kuma ba mutum ɗaya aka yi wa ita ba. Duk wanda zai fassara wasan zambo a kan kuɗi, tambaya ɗaya ce za ta riƙe masa hannu daga farko har ƙarshe: a daidai lokacin da aka sa wa mutum farashi, wa ya furta adadin, kuma a kan wa dariyar ta sauka?

Kafin a shiga cikin wasan, ya kamata a rarrabe kayan aikin, don ana yawan cakuɗa su. Zambo kai tsaye yake, ya siffanta mutum da muninsa yadda kowa zai gane shi, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa abokin hamayyar ubangidansu. Habaici ba ya kama suna, a sarari ake jefa shi, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Gatse kuwa shi ne a faɗi kishiyar abin da ake nufi da fuska a ɗaure. Ba'a da zolaya na tsakanin abokan wasa ne, irin na jika da kaka ko taubasai, babu dafi a ciki. Abin da muke kira wasan zambo a dunƙule yakan haɗa duka huɗun, amma wanda ya fi ɗaukar nauyi a wasan kuɗi shi ne gatse. Magidancin nan bai zagi kowa ba. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne. Daidaiton lissafin shi ne abin tsoron.

Bahaushe ba baƙon wannan salo ba ne. 'Yan kama sun daɗe suna kwaikwayon malamai, su ɗauko salon karatu da wa'azi su mayar da shi zancen tuwo da miya, jama'a na dariya alhali sun san malamin ci ake nufi. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu. Tashe da ke farawa idan azumi ya kai goma cike yake da hannunka-mai-sanda ga gwauro da malamin da ya yi rawa da mai maganin ƙarya. A dukkansu ƙa'idar ɗaya ce: ana ɗaukar harshen wani fage mai daraja a zuba shi a wani fagen da bai dace da shi ba. Wasan kuɗi juya wannan ya yi. Ya ɗauki harshen kasuwa ya shigar da shi inda ba a ciniki, wato ɗakin haihuwa da zauren neman aure da gaban tsohuwa.

To me ya sa ɗari huɗu, ba dubu ba, ba miliyan ba? A nan ne marubuci ke nuna ya san inda yake zaune. Tun watan Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗin wata-wata a kan iyalan da ke ƙarƙashin iƙamar baƙon ma'aikaci a Saudiyya, riyal 100 kan kowane mutum, ana ƙara ɗari duk shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu yana da mutum biyar, wato riyal 2,000 a wata, 24,000 a shekara, kafin a zo maganar haya da abinci da makaranta. Saboda haka idan ɗan wasa ya ce "ɗari huɗu", akwai mutane a zauren da ba sa buƙatar bayani, adadin a cikin jikinsu yake. Da ya ce "miliyan", da wasan ya zama tatsuniya, a yi dariya a wuce. Ƙa'idar ita ce a ƙara gishiri a hali, amma kada a ƙara shi a lamba. Halin magidancin ya wuce gona da iri, tunda a cikin fitowar har yana kiran 'ya'yansa cin abinci da cewa "ɗari huɗu na fari, ɗari huɗu na biyu, ku zo ga shinkafa", amma lambar ta gaskiya ce, ita ce ƙusar da ta manne wasan da ƙasa.

Akwai wani abu da ya keɓanta da zauren Hausawa a Hijaz, wato yankin Makka da Madina da Jidda, wanda mai fassara bai kamata ya tsallake ba. Masu kallon aƙalla kashi uku ne. Akwai 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa ta Sudan, da yawansu ana kiran su da laƙabin Hausawi, waɗanda wannan kuɗi bai shafe su ba. Akwai masu iƙama, wasu ma a Makka aka haife su aka haifi iyayensu, su ne ke biya. Sannan ga baƙin da suka zo umara ko fatauci daga Kano ko Damagaram, waɗanda da sun ji riyal sai kansu ya shiga juya shi zuwa naira ko sefa. Na farko yana dariyar wasa da kalma. Na uku yana dariyar marowaci. Na biyu dariyarsa gajera ce, takan yanke da wuri, domin ya san daren da shi ma ya zauna da kalkuleta. Wanda ya ce wannan fitowa a kan rowa take ya karanta ta da kunnen baƙo. A ganina ba marowaci ba ne aka zana. Mutum ne mai son iyalinsa wanda lissafi ya cinye masa harshe har ya rasa kalmar da ake tarbar jariri da ita. Yadda za a tabbatar da hakan a dandamali abu ne ƙarami: bayan ƙanwar ta fita, ya ajiye kalkuletar, ya ɗauko 'yar rigar jaririn da aka riga aka saya, ya sansana ta, sannan ya sake ɗaukar kalkuletar. Daƙiƙa goma ke nan ba magana. Idan aka cire su, an mayar da shi mugun uba, jama'a su tsine masa su huta.

Fitowa ta biyu ita ce mafi daɗin kallo kuma mafi haɗari. An zo neman auren babbar 'yar gidan. Waliyyai sun zauna, an kawo gahawa da dabino, an yi addu'a. Sai kawun yarinya, wanda sana'arsa dillanci ce a Haraj, kasuwar gwanjo, ya miƙe ya karɓe zancen, ya zagaya saurayin yana ƙwanƙwasa kafaɗarsa kamar mai duba mota. "Alhaji, Allah ya ba ka nasara, wannan ɗan naka ƙirar wace shekara ce? Ya taɓa haɗari? Takardunsa fa, na ƙasa ne ko na shekara-shekara? Buɗe baki mu gani, yaro." Baffan saurayin, maimakon ya fusata, sai ya shiga taya kayansa: "Ai Malam, hannu ɗaya ya riƙe shi, bai taɓa shiga gareji ba." Wanda ya san Harajin Sawarikh a kudancin Jidda, inda ake sayar da kayan gwanjo tun daga kujeru har na'urar sanyaya ɗaki, zai gane kowace jimla. A lura cewa wannan haraj ɗin Larabci ne na kasuwar gwanjo, ba harajin da Bahaushe ya sani ba, kuma marubuci mai kunne zai iya cin ribar kamancin kalmomin biyu sau ɗaya. Sau biyu ya yi yawa.

Abin da ake dubawa a nan shi ne wanda ya yarda da cinikin. Da kawun ne kaɗai ke wannan magana sauran suna kunya, da an samu mugu guda ɗaya, kowa ya wanke kansa. Amma da baffan ya amsa da harshen dillalai, sai laifin ya bazu ya game zauren, har da uwar yarinya da ke leƙe ta bayan labule tana aiko da saƙon a tambayi ko gidan da za a zauna na haya ne. Zambon ya tashi daga kan mutum ya koma kan ɗabi'a. Tambayar "takardunsa na ƙasa ne ko na shekara-shekara" ita ce wuƙar fitowar, saboda ita ce ake yi da gaske a gidaje, sai dai ana lulluɓe ta da "muna so mu san asalinsa".

Haɗarin kuwa ga shi. Gwanjon mutum a dandamali, a ƙasar Hijaz, a tsakanin baƙaƙen fata, ba wasa ne mara tarihi ba. Sai a 1962 aka soke bauta a hukumance a Saudiyya, kuma akwai dattawan da suka ji labarinta daga bakin waɗanda suka gani da ido. Kalmar takaruni, wadda asalinta sunan mutanen Afirka ta Yamma ce kawai, har yau akwai bakin da in ta fito daga gare shi zagi ce. A ƙasar Hausa ma an yi zamanin da ake ƙiyasta mutum da keso-keso na wuri, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Don haka lokacin da kawun ya ce "buɗe baki mu gani", an taɓo wata jijiya da ta wuce sadaki da lefe. Marubucin da ya san abin da yake yi zai bar wannan jimla ta zama inda dariya ke mutuwa: saurayin ya buɗe bakin a hankali, kawun ya leƙa, sai tsit na daƙiƙa uku, wani dattijo a cikin waliyyan ya sunkuyar da kai. Marubucin da bai sani ba zai mayar da ita wurin tsalle-tsalle, ya sa saurayin ya yi haniniya kamar doki don a ƙara shewa. Na farko ya nuna wa jama'a inda harshen ciniki ke kai mutane in aka bi shi har ƙarshe. Na biyu ya sake yin cinikin ne kawai a gaban 'yan kallo. Jimla ɗaya ce a takarda, amma wasa biyu ne mabambanta, kuma wannan ya sa ba a yanke wa wasan zambo hukunci daga karanta rubutunsa kaɗai.

Sai batun saye-saye, wanda ya ratsa fitowa ta biyu da ta uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko mace mai son kaya a ɗora mata duka: Hajiya mai gwala-gwalai har gwiwar hannu, tana tafe tana rangaji da ledojin kanti. Wannan tsohon zane ne, yana kawo dariya da sauri, amma ƙarya yake yi game da yadda abin ke aiki. Mai son ya fahimci cin kasuwa na yau sai ya dubi hanyar biya, ba mai sayen ba. Kuɗin takarda yana da nauyi a hannu, mutum na ganin riyal ɗari biyar tana barin aljihunsa. Katin banki na Mada ko waya kuwa ɗan ƙara kawai na'ura ke yi, "tit", an gama. Sannan ga biya kashi-kashi irin na manhajojin Tabby da Tamara, inda ake raba kuɗin kaya gida huɗu. A ɗauka saurayin nan ya sayi waya ta riyal 4,000 don kai wa amarya, da abaya ta 1,200, da turare na 800. Jimla 6,000. Abin da allon waya zai nuna masa a wurin saye shi ne 1,000 da 300 da 200, kowanne shi kaɗai ba ya tsoratarwa. A haɗe 1,500 ne sau huɗu. A kan wannan kuma a tuna cewa harajin kayan masarufi, wanda ya fara da kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, ya koma kashi 15 tun Yulin 2020, wato kayan riyal 1,000 kafin haraji ya zama 1,150. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma da can sai ka je gaban mutum ka sunkuyar da kai kafin ka ci shi. Yanzu ba a ganin fuskar kowa.

Yadda wasa ke kama wannan shi ne ta hanyar sauti. A ba wani yaro a bayan labule aikin yin "tit" ɗin nan duk lokacin da aka sayi wani abu. Karo na farko, a kanti, ba wanda zai lura. Na biyu, lokacin da aka miƙa wa baƙo gahawa, za a yi dariya. Na uku, lokacin da yarinya ta durƙusa ta gaida mahaifinta ya sa mata albarka, sai a ji "tit". Nan ne saƙon ya isa. Uku ake yi, a tsaya. Masu shiryawa da yawa in sun ga abu ya karɓu sai su maimaita shi sau bakwai, ya zama amshin waƙa, yara su riƙa yi tare da su, dafin ya tsiyaye. Mai fashin baƙi idan yana kallo ya ƙirga: sau nawa aka maimaita, kuma ko kowace maimaitawa ta matsa kusa da abin da bai kamata a saya ba. In tana matsawa, marubucin yana da inda ya dosa. In a wuri ɗaya take zagaye, cike lokaci ne.

Wani ɗan bayani na aiki da ake mantawa: kada a watsa kwafin takardun riyal a ƙasa ana takawa don nuna almubazzaranci. Takardar ɗari biyar tana ɗauke da hoton Ka'aba, kuma buga kwafin kuɗi ma kansa jawo wa kai magana ne. Takardu masu launi da aka yanka daidai girman kuɗi sun isa, daga layi na uku ba mai bambancewa.

A fitowa ta uku baƙo ya iso daga gida, ƙanin magidancin, ya zo umara da jerin sunayen mutum arba'in da ke jiran tsaraba. Wannan sashe gajere ne kuma ya kamata ya zama mai taushi, domin tsaraba ba abin zargi ba ce, zumunci ce. Abin da wasan ke nunawa kawai shi ne yadda jerin ya kasu daraja-daraja: wa zai samu dabinon ajwa da darduma mai kauri, wa zai samu carbi da hula daga kantin Abu Riyalain, wato kantin kayan riyal bibbiyu. Baƙon yana karanta sunaye, kawun dillali yana faɗin farashi. "Liman?" "Tamanin." "Maƙwabcin da ya yi jinyar Baba wata uku?" Baƙon ya yi jim, ya ce, "Ai shi ba ya fushi. Biyu." Duk wanda ya taɓa haɗa tsaraba ya san wannan lissafi, cewa mai haƙuri shi ake ragewa, mai baki shi ake cikawa. Ba a buƙatar ƙarin bayani a kai.

Daga nan kawun, wanda abin ya zame masa jiki, ya ɗauko na'urar karanta farashi irin ta kanti ya shiga haska mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, kowa na'urar ta yi ƙara ya faɗi adadinsa. Har ya iso kan kaka, tsohuwar da tun farkon wasan take zaune a lungu tana jan carbi ba ta ce uffan ba. Ya haska, shiru. Ya girgiza na'urar, ya sake, shiru. Ya ce, "Inna, ke ba ki da lamba." Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, matso in ga idonka, ka rame."

Yadda aka fassara wannan wuri shi ke nuna ko an fahimci wasan. Fassara mai sauƙi ita ce tsohuwa ta fi ƙarfin farashi, darajarta ta wuce kuɗi. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. A duniyar da wasan ya gina, wanda ba shi da lamba kuma shi ne wanda ba a lissafa shi, kuma a Makka da Jidda kowa ya san me ake nufi da mutum ba shi da takarda: ba asibiti cikin sauƙi, ba makaranta, ba layin waya da sunansa. Saboda haka shirun na'urar yana da baki biyu, girmamawa ce kuma sharewa ce. Wasa mai kyau ba ya zaɓa wa mai kallo ɗaya. Abin da ya tabbata kawai shi ne ita kaɗai ce a duk minti ashirin da biyar ɗin ta dubi wani ta ga halin da jikinsa ke ciki. Kuma shi ya sa dole a zaunar da ita a dandamali tun fitowar farko inda ido zai saba da ita har ya daina ganinta. In aka shigo da ita a ƙarshe kamar mai kawo hukunci, masu kallo ba za su ji kunyar cewa su ma sun manta da ita ba, alhali wannan kunyar ita ce ribar fitowar.

Akwai ma'aunin addini da ya dace da wannan aiki fiye da yadda ake zato. Suratul Humaza ta buɗe da narkon azaba ga mai zunɗe da yi da mutane, nan take kuma ta siffanta shi da cewa shi ne wanda ya tara dukiya yana ta ƙirga ta. Mai izgili da mai ƙirga kuɗi mutum ɗaya ne a surar, domin dukkansu suna auna mutane su ga sun fi su. Aya ta 11 a Suratul Hujurat kuma ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Wannan ya sa mai wasan zambo a kan siraɗi yake tafiya: makamin da ya ɗauka don yaƙar raina mutum, shi kansa makamin raini ne. Abin da ke raba su shi ne inda aka nufa da shi. In an nufi hali da kowa a zauren zai iya samu a kansa, nasiha ce cikin raha. In an nufi wani jinsi na mutane da ba su da bakin ramawa, an faɗa cikin abin da ake zargi.

A aikace ta harshe wannan zamewa ta fi faruwa. Wasan Hausawan Saudiyya dole ya cakuɗa Hausa da Larabcin Hijaz, don haka ake magana a gida. Sai a duba wa aka ba wane harshe. Idan kullum wawan wasa shi ne sabon zuwa mai karyayyen Larabci, mai cewa "kam fulus" da karin Kananci, mai wayo kuma shi ne mai Larabci santala, to ko me rubutun ya ce game da kuɗi, abin da zaure ya koya shi ne a raina baƙo. Haka in aka juya, aka mayar da haifaffen Makka mai gurguwar Hausa abin dariya. Haka kuma 'yar aikatau: in rawarta a wasan ita ce ta fasa kofi a yi mata tsawa a yi dariya, an sa mata farashi ke nan ba tare da an sani ba. Gyaran ba wuya. A ba mai karyayyen harshen jimla mafi hankali a fitowar, a bar dillali mai zaƙin baki ya zama shi ne harshensa ya kai shi ya baro.

Sai maganar ɗauka a waya. Wasan da aka yi a gaban mutum tamanin da suka san juna, da zarar an yanko daƙiƙa talatin daga ciki an sa a TikTok, ya zama wani abu dabam. Gatse ba ya rayuwa in an yanke shi daga mahallinsa: fitowar gwanjo ba tare da shirun da ke bayanta ba, bidiyo ne kawai na baƙaƙe suna sayar da ɗan'uwansu. Ban da haka akwai doka. Saudiyya na da dokar laifuffukan intanet tun 2007, kuma a 2018 ofishin mai gabatar da ƙara ya bayyana cewa yaɗa izgili ko ba'a da ke taɓa zaman lafiyar jama'a ta kafafen sada zumunta na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar da ta kai riyal miliyan uku. Fagen wasan kwaikwayo ya buɗe sosai a ƙasar, an dawo da gidajen silima a 2018, an kafa hukumar kula da wasan dandamali a 2020, amma wannan bai ɗauke wa mai shiryawa nauyin sanin iyakarsa ba. Kada a kama sunan wani ɗan kasuwa ko kanti ko ofis, kada a kwaikwayi tafiyar wani attajirin unguwa da kowa ya sani. Wannan ma ya fi wa wasan kyau, don da zarar an gane mutum ɗaya ake nufi, sauran jama'a sun tsira.

Abin da ya fi kashe irin wannan wasa, bayan an yi komai daidai, shi ne minti biyun ƙarshe. Masu shiryawa sukan ji tsoron kada a ce ba a fa'idantu ba, sai su fito da wani mai rawani ya tsaya a tsakiya ya jero darussa, kawun ya fashe da kuka ya tuba, magidanci ya jefar da kalkuleta, a rungumi juna. Niyyar mai kyau ce, amma aikin ya rushe, saboda an biya wa mai kallo bashin da wasan ya ɗora masa, ya fita wasai. Kuma ƙarya ce: gobe iƙama na nan tana jiran sabuntawa, kashi na biyu na kuɗin waya zai fita ranar da aka sa. Magidancin ba zai iya jefar da kalkuleta ba, abin da zai iya shi ne ya san lokacin ajiye ta. Don haka a tsaya a kan maganar tsohuwa. Kawun ya matsa kusa da ita da na'urar a hannu, ya durƙusa, ta kama haɓarsa tana duba idonsa. Kada yaron bayan labule ya yi "tit". Mai kula da fitila ya ƙirga biyar a zuciyarsa, sannan ya kashe.